Yaron da Aka Hana Shiga Aji: Ƙanjamau, Kunya da Makarantun Karkara

A makon ƙarshe na watan Agustan 1987, garuruwa biyu na ƙasar Amurka masu suna ɗaya, Arcadia, sun ci karo da matsala iri guda. Na farko yana jihar Florida, garin masu kiwon shanu da gonakin lemo. A can kotun tarayya ta tilasta wa hukumar makarantu ta buɗe ƙofa ga wasu 'yan'uwa uku, Ricky da Robert da Randy Ray, masu shekara 10 da 9 da 8, waɗanda ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Ran Litinin da suka shiga aji, kusan rabin ɗaliban makarantar iyayensu suka riƙe su a gida. Aka yi ta buga waya ana barazanar dasa bam. Ran Juma'a da dare, 28 ga wata, gidansu ya kama da wuta. Har yau ba a gurfanar da kowa ba. Iyalin suka tattara abin da ya saura suka bar garin.

Kwana uku bayan gobarar, a ɗaya garin, wanda ke tsakiyar gonakin masara na jihar Indiana, wani saurayi ɗan shekara 15 mai suna Ryan White ya sauka a ƙofar makarantar sakandare ta Hamilton Heights. Shi ma cutar ce a jikinsa, kuma duk ƙasar ta sani, don fuskarsa ta sha fitowa a talabijin. Shugaban makarantar, Tony Cook, yana tsaye yana jiransa tare da wasu ɗalibai. Suka miƙa masa hannu, aka gaisa, aka raka shi aji.

Mutanen garuruwan nan biyu kusan irinsu ɗaya: manoma da ma'aikatan masana'antu, masu zuwa coci ran Lahadi, masu tsoron duk abin da zai taɓa 'ya'yansu. Abin da ya raba su shi ne, kafin Ryan ya iso, makarantar Hamilton Heights ta zaunar da ɗalibanta ta faɗa musu baro-baro yadda ake kamuwa da cutar da yadda ba a kamuwa. Aikin bai ci kuɗi mai yawa ba, amma ya gagari makarantu da dama, ciki har da wadda Ryan ya baro.

An haifi Ryan ran 6 ga Disamba 1971 a Kokomo da ke jihar ta Indiana, gari mai masana'antun kayan mota. Da aka yi masa kaciya yana jariri, sai jini ya ƙi tsayawa. Likitoci suka gano yana da ciwon nan na gado da ke hana jini daskarewa, wanda kusan maza kaɗai yake kamawa. Mai wannan ciwo, ɗan buguwa kaɗan sai jini ya taru masa a gwiwa, ya kwana yana kuka. A shekarun 1970 aka samu wani magani da ake kira Factor VIII, wanda ya sauƙaƙa musu rayuwa ƙwarai, har uwa na iya yi wa ɗanta allurarsa a gida. Sai dai ana haɗa shi ne daga ruwan jinin dubban mutane da aka gauraya wuri ɗaya, kuma kafin watan Maris na 1985 babu gwajin da ke gano ƙwayar ƙanjamau a cikin jini. Mutum ɗaya mai ɗauke da ita ya isa ya gurɓata na sauran duka. Ta wannan hanya kusan rabin masu ciwon a Amurka suka kamu, har da Ryan, har da 'ya'yan gidan Ray.

Ran 17 ga Disamba 1984, yana kwance a asibiti da ciwon huhu, aka tabbatar yana da ƙanjamau. Shekararsa 13. Likitoci suka ce da wuya ya wuce wata shida. Sai Allah ya sa ya murmure, kuma da ƙarfi ya fara dawowa, abin da ya nema shi ne ya koma cikin abokansa. Mahaifiyarsa Jeanne, ma'aikaciya a masana'antar Delco, ta nemi izini a makarantarsu, Western Middle School, da ke ƙauyen Russiaville kusa da Kokomo. Shugaban hukumar makarantun yankin, James O. Smith, ya ce ba zai yiwu ba. Iyaye 117 da malamai 50 suka sa hannu a takardar neman a hana shi dawowa, a makarantar da ɗalibanta duka 360 ne.

Da aka koma karatu a ƙarshen Agustan 1985, sai aka haɗa masa wayar tarho daga aji zuwa ɗakin kwanansa. Yana zaune shi kaɗai da littafi a gaba, muryar malami na zuwa tana ɗaukewa, allo kuwa ba ya ganinsa balle ya kwafi abin da aka rubuta.

Aka shiga kai ruwa rana a kotu da ma'aikatar ilimi. A watan Nuwamba ma'aikatar ilimin jihar ta ce dole a karɓe shi. Hukumar makarantar ta ɗaukaka ƙara, wakilanta bakwai babu wanda ya saɓa. Ran 21 ga Fabrairu 1986 ya samu shiga aji, amma ɗalibai 151 suka ƙi zuwa, kuma kafin rana ta faɗi wani alƙali ya ba da umarnin a sake tsayar da shi. Masu adawa da shi suka yi gwanjon kaya a zauren wasannin makarantar don tara kuɗin lauya. Sai ran 10 ga Afrilu wani alƙalin ya soke umarnin. Wasu iyaye suka cire 'ya'yansu suka buɗe 'yar makarantarsu ta daban.

Dawowar ma da sharuɗɗa. Banɗakinsa daban, wurin shan ruwansa daban, cokali da farantinsa na roba ne da ake jefarwa in ya gama, kuma an cire shi daga darasin motsa jiki. Mahaifiyarsa ta san babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da tushe a likitance, ta yarda ne don a samu zaman lafiya. Amma kowane sharaɗi darasi ne ga sauran yara: in da babu haɗari, me ya sa aka ware masa famfo? A cikin gari abin ya fi haka muni. Ryan yana ɗan aikin raba jarida gida-gida, sai mutane suka soke sayen jaridar don tsoron ƙwayar cutar za ta biyo takarda. Aka yaɗa cewa yana tofa yawu a kan kayan lambu a kanti, wai yana cizon mutane. A gidajen abinci akan zubar da kwanon da ya ci a ciki. A coci ranar Ista, lokacin da kowa ke juyawa ya gaisa da na kusa da shi, mutane suka janye hannuwansu. Aka rubuta masa zagi a jikin akwatin ajiyar littattafansa na makaranta, ana kiransa ɗan luwaɗi. Daga ƙarshe wani ya harba bindiga, harsashi ya fasa tagar falonsu.

Masu kare mutanen Russiaville kan ce a lokacin ba a san komai game da cutar ba. Maganar ba ta cika gaskiya ba. Kwamishinan lafiya na jihar, Dokta Woodrow Myers, ya fito ya ce yaron ba haɗari ba ne ga kowa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta fitar da shawara a ƙarshen Agustan 1985 cewa a bar mafi yawan yara masu ɗauke da ƙwayar su yi karatu tare da 'yan'uwansu. A Fabrairun 1986, watan da aka kore shi bayan yini ɗaya, wata babbar mujallar likitoci ta buga binciken da aka yi kan mutum 101 da ke zaune gida ɗaya da masu ƙanjamau, suna ci a kwano ɗaya, suna shiga banɗaki ɗaya, wasu har buroshin goge baki da reza suna haɗawa. Babu wanda ya kamu ta wannan cuɗanya. Ilimin yana nan a rubuce. Abin da aka rasa shi ne wanda zai ɗauko shi ya kawo shi zauren makaranta da harshen da manomi zai gane. Shugaban ƙasa ma bai taimaka ba: da 'yan jarida suka tambayi Ronald Reagan a Satumban 1985 ko zai tura ɗansa aji ɗaya da mai ƙanjamau, sai ya ce ya fahimci kowane ɓangare, ya kuma nuna kamar likitoci ba su gama tabbatarwa ba.

Tsoron bai tsaya a ƙauye ba. A watan nan na Satumba, iyaye a unguwar Queens ta birnin New York suka hana yara sama da 10,000 zuwa makaranta saboda an ce akwai wani yaro ɗan aji biyu na firamare mai ɗauke da cutar. Amma a New York, mai makarantu ɗaruruwa, hukuma ta iya ɓoye sunan yaron da sunan makarantarsa, ya ci gaba da karatu ba wanda ya nuna shi da yatsa. A Russiaville wa za a ɓoye wa? Makaranta ɗaya ce, motar ɗaukar ɗalibai ɗaya, ma'aikaciyar jinya maƙwabciya ce, kuma wakilan hukumar makaranta iyayen yaran ne ke zaɓensu, suna haɗuwa da su a kanti da coci. A tsarin Amurka, abin da za a koyar a aji yawanci jiha da gunduma ke yankewa, ba gwamnatin tarayya ba. Saboda haka wakilin da ya ce a karɓi Ryan ya san da wa zai kwana.

Akwai kuma wani ƙulli da ya fi wannan wuyar kwancewa. Ba yadda za a yi malami ya gamsar da aji cewa ba a ɗaukar ƙanjamau ta musabaha, ko tari, ko cizon sauro, ko kujerar banɗaki, sai ya amsa tambayar da ke biyo baya: to ta ina ake ɗauka? Amsar kuwa gajera ce: ta jini, ta saduwa, ta allurar da wani ya yi amfani da ita, da kuma daga uwa zuwa jariri. Biyu daga cikin huɗun nan maganganu ne da makarantar karkara ta saba kawar da kai daga gare su. A farkon shekarun 1980 cutar ta fi bayyana a tsakanin 'yan luwaɗi da masu allurar miyagun ƙwayoyi, sai ambatonta ma ya zama abin kunya. Makarantar da ta ƙi furta kalmar jima'i ta rasa hanyar da za ta ce wa yara su kwantar da hankalinsu, sai jita-jitar kanti ta zama malamarsu.

Wanda ya fara faɗin haka daga sama mutum ne da ba a zata ba. Dokta C. Everett Koop, babban likitan gwamnatin Amurka a zamanin Reagan, likitan tiyatar yara ne, Kirista mai riƙo da addini sosai, wanda ya yi suna wajen adawa da zubar da ciki. Masu ra'ayin mazan jiya sun yi murna da naɗinsa. A Oktoban 1986 ya fitar da rahoto kan ƙanjamau wanda ya ce a fara koya wa yara batun tun suna ƙanana, daidai da shekarunsu, ya kuma ambaci kwaroron roba da sunansa. Ya ce kame kai da riƙe miji ɗaya ko mata ɗaya su ne kariya mafi ƙarfi, amma wanda bai kame ba, bai cancanci mutuwa don an ɓoye masa bayani ba. Tsofaffin abokansa suka yi masa ca. Bai janye ba. A 1988 ya sa aka aika da wata 'yar ƙasida mai bayanin cutar zuwa gidaje miliyan 107, wato kusan kowane gida a ƙasar.

Abin da Tony Cook ya yi a Hamilton Heights ke nan, a ƙaramin mataki. Da ya ji iyalin White sun ƙaura zuwa garin Cicero da ke yankinsa, a gidan da mawaƙi Elton John ya ranta musu kuɗin kafin alƙalami, bai jira rigima ta taso ba. Ya gayyato masana lafiya suka yi wa malamai da ɗalibai bayani, aka bar ƙofar tambaya a buɗe, ba a tsawata wa mai tambayar da ta yi kama da wauta ba. Shugabar ɗalibai, Jill Stewart, ta shige gaba. Dabarar ita ce a fara da yara: su ne suka koma gida suka yi wa iyayensu bayani a kan tebur lokacin cin abinci. Uban da ba zai saurari jami'in gwamnati daga babban birnin jihar ba, ya saurari 'yarsa. Da Ryan ya ba da shaida a gaban kwamitin shugaban ƙasa kan cutar a 1988, ya ce makarantar hujja ce cewa koyar da batun a aji yana aiki.

Wani abu da 'yan jarida suka yi ta maimaitawa shi ne kiransa wanda ya kamu ba da laifinsa ba. Shi da mahaifiyarsa ba su so wannan laƙabi ba, don yana nufin sauran masu cutar sun ja wa kansu ne, sun cancanci ƙyama. Wannan rarrabewa tana da illa a aikace. Matuƙar aka raba marasa lafiya gida biyu, masu laifi da marasa laifi, duk wanda ya je gwaji ya san za a fara tambayar wane gida ya faɗa, sai ya gwammace ya zauna bai sani ba, ya kuma ci gaba da yaɗawa.

Ryan ya rasu ran 8 ga Afrilu 1990 a asibitin yara na Riley da ke Indianapolis, yana da shekara 18, saura 'yan makonni ya gama sakandare. Mutum fiye da 1,500 suka halarci jana'izarsa, har da matar shugaban ƙasa Barbara Bush da Michael Jackson. A watan Agusta na shekarar aka sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunansa, wadda har yanzu take biyan kuɗin maganin ɗimbin marasa galihu masu cutar a Amurka. Cikin shekarar da ta biyo bayan rasuwarsa, sau huɗu ana lalata kabarinsa.

Tsugune ba ta ƙare ba a kan abin da za a koyar. A 1996 majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 50 a kowace shekara don shirye-shiryen da ke koyar da ƙaurace wa jima'i kafin aure kaɗai, ba tare da bayanin hanyoyin kariya ba. Majalisar da kanta ta sa aka bi diddigin wasu daga cikinsu, kuma sakamakon da ya fito a 2007 ya nuna yaran da suka bi shirin ba su bambanta da waɗanda ba su bi ba, a yawan waɗanda suka fara jima'i ko a shekarun da suka fara. A ɗaya ɓangaren, hukumar UNESCO ta tattara bincike daga ƙasashe da dama, a 2009 da kuma 2018, ta gano cikakken bayani daidai da shekarun yaro ba ya sa shi saurin farawa, wani lokaci ma yana sa shi jinkirtawa. Saurin farawar nan shi ne ainihin abin da iyaye ke tsoro, a Indiana ko a ko'ina, kuma tsoro ne da ya kamata a amsa shi da hujja, ba da raini ba. A Indiana dai har yanzu doka ta wajabta koyar da batun ƙanjamau, amma ba ta tilasta wa makaranta koyar da ilimin jima'i ba, inda aka koyar kuma dole a jaddada ƙauracewa.

Shekara 25 bayan rasuwar Ryan, cutar ta sake ɓulla a karkarar jihar tasa. Gundumar Scott, mai mutum kimanin 24,000, ba ta cika samun mutum 5 masu kamuwa a shekara ba. Daga ƙarshen 2014 zuwa ƙarshen 2015 aka gano 181, yawancinsu a garin Austin mai mutum 4,000 da 'yan kai, daga baya adadin ya haura 200. A nan ba jima'i ne babbar hanya ba. Mutane ne ke narka wata ƙwayar kashe zafi mai suna Opana suna yi wa kansu allura da sirinji ɗaya, wani lokaci kaka da uba da ɗa. Fiye da kashi 90 cikin ɗari sun haɗa da ciwon hanta nau'in C. Asibitin da ke yin gwajin ƙanjamau a gundumar an rufe shi tun 2013, kuma likita ɗaya ne a garin, Dokta Will Cooke. Gwamna Mike Pence, wanda ke adawa da raba sabbin allurai ga masu shaye-shaye, ya ɗauki lokaci kafin ya ayyana dokar ta-ɓaci a Maris 2015 ya ba da izini. Da aka fara rabawa tare da gwaji da magani, yaɗuwar ta ragu sosai. Duk da haka a Yunin 2021 kwamishinonin gundumar, biyu cikin uku, suka kaɗa ƙuri'ar rufe shirin.

Ba za a ce darasin aji kaɗai zai hana abin da ya faru a Austin ba, don talauci da rashin aikin yi da shaye-shaye sun fi ƙarfin allo. Amma darasin da ya tsaya ga cewa a kame kai sai an yi aure bai ce komai ba ga yaron da ke ganin sirinji a ɗakin babansa.

Najeriya ta yi irin wannan ja-in-ja kusan kalma da kalma. A 2001 majalisar ilimi ta ƙasa ta amince da manhajar ilimin jima'i da hukumar NERDC ta tsara. Malaman addini, Musulmi da Kirista, suka yi tir, aka koma aka cire wasu batutuwa, aka sauya mata suna zuwa ilimin zaman iyali da ƙanjamau a 2003, aka kuma bar kowace jiha ta daidaita ta da al'adunta. Ba darasi ne mai zaman kansa ba, an cusa shi ne cikin darussa irin su kimiyya da zamantakewa, don haka malamin da kunya ta kama yana iya tsallake shafin ba wanda zai sani. A Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci NERDC ta cire ilimin jima'i daga manhajar, yana mai cewa aikin iyaye ne da malaman addini.

Abin mamaki, ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga faɗin irin waɗannan abubuwa a fili. Yaron da ya zauna gaban malam a zaure ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala ya ji bayanin haila da biƙi da janaba, ya ji bambancin maniyyi da maziyyi, ya ji alamomin balaga, kuma in ya sunkuyar da kai malam zai tuna masa babu kunya a neman sanin addini. Ke nan ba batun ne ake ƙi ba. Ana ƙin wanda ya kawo shi, da harshen da ya zo da shi, da zargin akwai wata manufa a ɓoye. Sai dai littattafan nan an rubuta su ƙarnoni kafin a san ƙwayar ƙanjamau. Ba su faɗi cewa askar wanzami ko reza ɗaya da aka yi wa mutane da yawa aski da ita na iya ɗaukar jini daga wani zuwa wani ba, ba su kuma faɗi cewa cin tuwo a kwano ɗaya ba ya kawo komai ba. Wani ne zai cike wannan gurbi, ko malamin kimiyya ko limami, kuma hukumomin Hisba da jihohi irin su Kano da suka wajabta gwaji kafin aure sun riga sun nuna ana iya ambaton cutar daga bakin malamai.

Babban binciken da aka yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙwayar, jimilla mutum kusan miliyan 1.9. Arewa maso yamma ce ke da mafi ƙanƙanta, kashi 0.6. Wannan abin godiya ne, amma yana da wata fuska: inda cutar ba ta da yawa, mutane da dama ba su taɓa zama da wanda suka san yana da ita ba, sai ta zauna musu a matsayin labarin tsoro. Alhali yau magani ya sauya komai. Yaron da aka haifa da ƙwayar, in yana shan maganinsa kullum, yana girma ya yi karatu ya yi aure, kuma idan maganin ya danne ƙwayar har gwaji ya daina ganinta, ba ya sa wa matarsa. Irin waɗannan yara suna zaune a azuzuwan makarantun gwamnati yanzu haka. Babbar barazana gare su ita ce ɓoye magani. Ɗalibar makarantar kwana da ke tsoron a ga kwalbar a akwatinta takan tsallake sha, tsallakewar kuma ita ke ba ƙwayar damar bijire wa maganin.

Hukumomi ma kan yi kuskure da kyakkyawar niyya. A 2015 shugaban Kenya Uhuru Kenyatta ya ba da umarnin a tattara sunayen ɗalibai masu ɗauke da ƙwayar don a taimaka musu, babbar kotu ta soke umarnin a 2016 saboda ya tona asirin yara. A Najeriya akwai dokar hana nuna wariya ga masu ƙanjamau ta 2014, wadda ta haramta wa makaranta ta kori ɗalibi ko ta ƙi karɓarsa saboda cutar, ta kuma tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya karya. Amma kafin uba a ƙauye ya ci moriyar dokar, sai ya fara bayyana abin da ke jikin ɗansa ga lauya da magatakarda da alƙali, a garin da magatakardan kan iya zama ƙanin hedimastan da yake ƙara.